Kafin Ka Cike Fom Ɗin Gidan Gwamnati

Duk ranar da rediyo ya sanar cewa gwamnati za ta sayar da gidaje masu sauƙin kuɗi, kafin azahar shagunan intanet sun cika maƙil. Mai gadi, malamar firamare, direban Adaidaita Sahu, tela, kowa da hotonsa da lambar NIN a hannu, kuma tambaya ɗaya ce a bakinsu: ina ake samun fom? Tambayar tana taɓa ni, domin na san abin da ke bayanta. Mai gida ya ninka kuɗin haya ko ya aiko da notis, yara sun girma maza da mata a ɗaki ɗaya, uwargida ta gaji da ɗaure kaya duk bayan shekara biyu. Sai dai fom shi ne abu na ƙarshe a wannan harka, shi ne kuma mafi sauƙi. Wanda ya fara da shi yakan tashi da asarar kuɗin cikewa da ɓacin rai.

Ka fara da sanin cewa a Najeriya ba a raba gidan gwamnati kyauta, in ban da waɗanda iftila'i ya afka wa, irin ambaliya ko gudun hijira. Su ma ta hannun hukumar agajin gaggawa ta jiharsu da shugabannin unguwa ake tantance su. Ga sauranmu, abin da ake kira tallafi abu uku ne: an rage farashin gida, an rage kuɗin ruwa, an tsawaita lokacin biya. Bashi ne mai sauƙi, amma bashi ne. In ka karɓi wannan tun farko, za ka daina jiran rabo, ka koma shiri.

Babbar ƙofar da talaka zai iya bi ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka fi sani da NHF. Dokar da ta kafa shi ta 1992 ce, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, shi ke riƙe da shi. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na abin da yake samu a wata. Mai albashin naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, naira 1,750 ke nan. Bayan ka yi wata 6 kana zubawa ba yankewa, ka cancanci neman rance a kan ruwan kashi 6 cikin ɗari a shekara, a biya har tsawon shekara 30. Bankin kasuwa galibi ba zai saurare ka a ƙasa da kashi ashirin da wani abu ba, kuma ba zai jira ka shekara 30 ba. Rufin rancen ya daɗe a naira miliyan 15 kafin a ɗaga shi zuwa miliyan 50, amma wannan rufin ba naka ba ne, ɗan'uwa. Naka rufin aljihunka ne zai yanka maka shi.

Ga yadda yake yankawa, kuma ina roƙonka ka ɗauki biro da takarda. Ƙa'ida ita ce abin da za a riƙa cire maka a wata kada ya haura kashi ɗaya bisa uku na samunka. Rancen miliyan 5 a kan kashi 6, in an shimfiɗa shi a shekara 30, yana cin kusan naira 30,000 duk wata. Ke nan sai mai samun 90,000 ne zai iya ɗaukarsa. Mai albashin 70,000, sulusinsa 23,000 ne da 'yan kai, abin da zai iya ɗauka bai cika miliyan 4 ba. To, a farkon 2024 ma'aikatar gidaje ta tarayya ta sa wa gidajenta na jihohi farashin miliyan 8.5 mai ɗaki ɗaya, miliyan 11.5 mai ɗaki biyu, miliyan 12.5 mai ɗaki uku. Ɗauki mafi araha. Tun 2018 an sassauta kafin alƙalami: rancen da bai wuce miliyan 5 ba babu ko kwabo, daga nan zuwa miliyan 15 kuwa kashi 10 cikin ɗari. Gidan miliyan 8.5 zai nemi ka ajiye 850,000 tukuna, sauran miliyan 7.65 kuma su riƙa cin kusan 46,000 a wata. Wannan na mai samun 138,000 ne.

Akwai kuma shekaru. Shekara 30 ɗin nan ta matashi ce. Ana auna ta da abin da ya rage maka kafin ka cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Mai shekara 45 shekara 15 kawai za a ba shi, sai miliyan 5 ɗin nan ta koma sama da 42,000 a wata. Shi ya sa nake jin takaici in na ga matashin ma'aikaci yana cewa gida sai an kusa ritaya. A wannan tsari ƙuruciya jari ce, kowace shekara ta wuce kuɗi ne ya fita daga hannunka.

Ban kawo wannan lissafi don in karya maka gwiwa ba. Gaskiya ce mai ɗaci cewa yawancin gidajen da ake wa laƙabi da masu sauƙin kuɗi sun fi ƙarfin wanda aka ce don shi aka gina su, kuma wannan gazawa ce ta masu tsara shirin, ba taka ba. Amma sanin iyakarka shi zai nuna maka ƙofar da ta dace da kai, domin ƙofar ba ɗaya ba ce.

Wadda aka fi yayatawa ita ce gidan da aka gama ginawa. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja, lokacin Ahmed Musa Dangiwa yana ministan gidaje, daga nan aka fara rukunai masu gida 250 a jihohi irin su Katsina, Sakkwato, Gombe, Yobe da Nasarawa. Ka bambance iri biyu a cikinsu. Manyan biranen da 'yan kasuwa suka zuba wa kuɗi, irin na Karsana, farashinsu na kasuwa ne, ka kawar da kai. Ƙananan rukunan da aka gina da kuɗin kasafi a kan filin da jiha ta bayar su ne ake rage wa farashi. Ana iya biya nan take, ko kashi-kashi, ko ta rancen NHF, ko ta haya mai ƙarewa da mallaka. Ta ƙarshen nan ce ta fi kusa da mai ƙaramin ƙarfi: ka tare a gidan, abin da kake biya wata-wata ko shekara-shekara yana taruwa, ranar da ka cika gida ya zama naka.

Ƙofar da nake ganin an fi mantawa da ita, alhali ta fi dacewa da yadda Bahaushe ke gina gida, ita ce rancen gyara da rancen gini. Mu ba mu saba sayen gida gamamme ba. Fuloti ake fara saye, a zagaye, a buga bulo ɗari biyu bana, baɗi a kai linta, a rufa ciki da falo a tare, sauran ya biyo baya. Garuruwanmu cike suke da kangwaye da suka tsaya a linta saboda kuɗin kwano da katako. FMBN yana da rancen gyaran gida da ya fara da rufin naira miliyan 1, a kan kashi 6, a biya cikin shekara 5, kuma ta wurin aikinka ake bi, ana tara masu nema rukuni-rukuni. Miliyan 1 a shekara 5 kusan 19,300 ne a wata, wanda mai albashin 70,000 zai iya ɗauka. In kana da kango, ko kana da ɗakuna biyu a gidan gado da damina ke neman kayarwa, ka je ofishin bankin na jiharku ka tambayi wannan kafin ka tambayi sabon gida. Ma'aikatan tarayya kuma suna da tasu hukumar ba da rancen gidaje ta daban, mai ruwan kashi 3.

Mai asusun fansho na zamani ya sani cewa tun Satumbar 2022 hukumar PenCom ta yarda a ciri har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke cikin asusun a biya kafin alƙalamin gida, in an yi wata 60 ana zubawa kuma ritaya ba ta matso ƙasa da shekara 3 ba. Hanya ce mai kyau, amma ka tuna daga abincin tsufanka kake gutsura.

Yanzu ga maganar da na san tana cin zuciyar da yawa daga masu karanta wannan shafi, wato kuɗin ruwa. Mutane da dama sun haƙura da wannan dama gaba ɗaya saboda gudun riba, kuma ba zan ce musu kashi 6 kaɗan ne ba, domin ba yawa ko ƙaranci ne damuwarsu ba. Abin da zan ce shi ne kada ka haƙura ba ka tambaya ba. FMBN ya fito da tsarin haya zuwa mallaka marar ruwa, bisa ƙa'idar ijara mai ƙarewa da mallaka: banki ne mai gidan, kai ɗan haya ne da alkawarin saye. Akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, masu sayen gida su sayar maka da riba sananniya ko su yi tarayya da kai kana sayen kasonsu sannu a hankali. In ka shiga ofis ka faɗi abin da kake so ƙarara: tsarin da babu ruwa nake nema. Ka karɓi kwafin yarjejeniyar, ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki, ku duba abin da aka rubuta game da jinkirin biya da kuma wanda ke ɗaukar asara in gidan ya rushe. A waɗannan wurare biyu ake gane tsarin gaskiya da wanda suna kawai aka canja masa.

Takardu su ne inda mafi yawan fayiloli ke mutuwa, kuma ba a sanar da mai fayil cewa ya mutu. Fara da takardar albashinka ta wannan wata. Duba jerin abubuwan da aka cire, ƙasa da haraji da fansho da kuɗin ƙungiya, za ka ga layin NHF da 'yan kuɗi a gabansa. Ganin layin bai isa ba. Akwai wuraren aikin da ke cirewa ba su tura wa bankin ba, ko su tura a dunƙule ba sunan kowa. Wasu jihohin ma sun taɓa janye ma'aikatansu daga asusun kafin su dawo. Ka nemi lambarka ta NHF, ka je ofishin FMBN a buga maka bayanin asusunka, ka gwada shi da takardun albashinka wata bayan wata. In ka ga giɓi, ka rubuta wa sashen kuɗi na wurin aikinka, ka sa a buga wa kwafinka hatimin karɓa. Ya fi kyau ku yi ta ƙungiyar ƙwadago, domin takardar mutum ɗaya ta fi saurin ɓata a durowa.

Sai suna. Wannan ƙaramin abu ya hana mutane da yawa gida. A NIN kai Muhammad Sani ne, a BVN Mohammed Sani Abdullahi, a wurin aiki Mamman Sani da sunan garinku a ƙarshe. Ranar haihuwa a nan 1 ga Janairu, a can wata rana daban. Kwamfuta ba ta san duk kai ɗaya ba ne. Ki kula ke ma, 'yar'uwa, in kin sa sunan miji a banki alhali takardun makarantarki da na aiki sunan mahaifi ne. A zaɓi ɗaya, a gyara sauran tun kafin a buɗe neman gida, don gyaran yakan ci makonni. Bayan wannan za a nemi takardun albashi na watannin baya-bayan nan, bayanin asusun banki, shaidar biyan haraji ta shekara 3, da takardar tayin gidan da kake son saye.

Wanda zai yi gini a filinsa yana da ƙarin aiki. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, don haka banki ba ya karɓar jingina sai da shaidar mallaka ta gwamnati. Takardar cinikin da aka rubuta a zauren mai unguwa, da sa hannun dillali da shaidu biyu, tana da daraja a tsakaninmu, amma ba ta buɗe ƙofar rance. Fulotin awon igiya kuwa sai an shigar da shi tsari tukuna. A Kano hukumar filaye ta KANGIS za ka nufa, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, sauran jihohi ma'aikatar ƙasa da safiyo. In filin gado ne, a raba a gaban alƙali a rubuta, kason kowa ya fita da sunansa. Ka kuma tanadi kuɗin da ba a faɗa a rediyo: na mai ƙiyasta darajar gida, na lauya, na amincewa da zanen gini, na inshora, na amincewar gwamna. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Rancen NHF na sayen gida ba kai tsaye FMBN ke miƙa maka shi ba. Ta hannun ƙananan bankunan lamunin gidaje masu lasisin Babban Banki ake bi, su karɓa a kashi 4 su ba ka a kashi 6. Ka nemi jerin waɗanda FMBN ya amince da su daga ofishinsa, ka zagaya biyu ko uku, ka tambayi kowanne jimillar cajinsa a rubuce kafin ka buɗe asusu.

Mai sana'ar hannu zai ce duk wannan na masu albashi ne. Ba haka ba ne a doka. Mai dogaro da kansa yana iya yin rajista ya riƙa zubawa da hannunsa, kuma gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ya mai da zubin ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu ganin dama. Matsalarka ita ce shaida. Mai shayin da ke samun ribar 6,000 a rana ya fi ƙaramin ma'aikaci samu nesa ba kusa ba, amma kuɗinsa daga gwangwani suke zuwa aljihu, ba su bar sawu a ko'ina ba. Banki kuwa sawu yake bi. Daga yau ka ware asusu ɗaya, cinikin kowace rana ya ratsa ta cikinsa ko da za ka cire washegari. Bayan shekara ɗaya kana da takardar da za ta yi magana a madadinka. Sannan ka shiga ƙungiyar gama kai mai rajista, ta teloli ko ta direbobi ko ta 'yan kasuwarku. FMBN yana da rance na musamman ga irin waɗannan ƙungiyoyi su gina wa mambobinsu, haka kamfanin Family Homes Funds na gwamnatin tarayya yana aiki da su. Matan da suka shekara goma suna adashi ba a taɓa jin kansu ba sun riga sun mallaki abin da ya fi wuyar samu, wato amana da zubi a kan lokaci. Abin da ya rage musu rajista ce, da asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku, da littafin da kowace mamba za ta iya buɗewa ta duba.

'Yan damfara sun san kana cikin matsi, shi ya sa suke bin ka har WhatsApp. Saƙo zai zo da tambarin gwamnati da hoton minista, a ce guraben jiharku sun kusa cika, ka tura 15,000 kafin ƙarfe 12. Wani kuma zai same ka a majalisa ya ce yana da mutum a ciki. Adireshin hukumar gwamnati a intanet da .gov.ng yake ƙarewa. Kuɗin gwamnatin tarayya ba a zuba su a asusu mai sunan mutum, ta Remita ake biya a ba ka rasit mai lamba. Kada ka karanta wa kowa lambar sirrin da banki ya turo maka a waya. In yaron shagon intanet ne ke cike maka, ka zauna kusa da shi, lambar wayarka da imel ɗinka za a sa, ba nasa ba, domin ta nan amsa za ta zo.

In Allah ya sa sunanka ya fito, kada murna ta sa ka sa hannu ba ka ga gidan ba. Ka je da ƙafarka, in da hali da damina, ka tafi da magini da ka yarda da shi. Ya kankari bulo da ƙusa ya ga ko yashi ke zuba, ya hau ya duba katakon rufi, ku buɗe famfo, ku tambayi waɗanda suka riga tarewa ko taransifoma tana aiki da inda suke ɗebo ruwa. Yawancin rukunan nan a bayan gari suke. Lissafa kuɗin motarka zuwa aiki da na yara zuwa boko da islamiyya, ka ɗora a kan biyan wata, domin wani gidan mai arahar kuɗin mota ne ke cinye arahar. Duba kuma ko akwai katanga. Da yawa an zana su ba zaure ba tsakar gida, ƙofar falo na kallon titi, kuma iyalinka ba za su sake a haka ba. Kuɗin zagayewa da na madafa a waje su ma su shiga lissafi, bayan ka tabbatar an yarda a yi ƙari.

Tambayi abin da zai faru in ka rasu ba ka gama biya ba. Akan haɗa rancen da inshorar rai wadda za ta biya ragowar, kuma kana iya neman a yi ta takaful, wato inshorar tsarin Musulunci. Ka tabbatar an yi ta, ka gaya wa matarka da babban ɗanka inda takardar take. In wata ya zo maka da matsi, ka rubuta wa bankin kafin ranar biya, kada ka ɓuya. Rancen NHF na gida sau ɗaya ake ba mutum a rayuwarsa, don haka kada ka ara wa wani sunanka ya karɓa, ko da wanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Wanda ya zuba bai taɓa cin rance ba, kuɗinsa ba su ɓata ba. In ya cika shekara 60 ko ya yi ritaya, yana da haƙƙin a mayar masa da abin da ya tara, da ƙarin kashi 2 cikin ɗari a shekara, in ya rasu kuma magadansa su nema. Ana buƙatar takardar ritaya, shaidar shekaru, lambar NHF da bayanin asusun banki, a miƙa ta wurin aikin da ya bari. In akwai tsohon ma'aikaci a gidanku, ko marayun wani, ku binciko tsofaffin takardun albashinsa ku duba ko layin nan yana ciki.